Ƙusar da Kawu Ila Ya Taka

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Abin da zan ba da labari ya faru ne a Madina a farkon shekarun 1980, lokacin ina aikin lodin kayan alhazai a filin jirgi. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Yanzu da na ga ciwon siga ya shiga kusan kowane gida, na ce bari in rubuta, ko mai tsoho a gida zai riƙa duba masa tafin ƙafa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kawu Ila wan mahaifiyata ne. Ya bar Gumel tun kafin a haife ni, a ƙasa ya tafi, ta Chadi da Sudan, ya yi noma a gonar wani ya ƙara gaba, har Allah ya tsallakar da shi teku. Bai taɓa mallakar takarda ba. A zamaninsu ba a tambaya, da aka fara tambaya kuma ya ce ya tsufa da bin layi. Ya yi ga-ruwa, ya yi aure, matar ta rasu ba su haihu ba. Famfo ya shiga gidaje ya kashe masa sana'a, aka rushe unguwarsu ɗaki ya tafi. Sai ya koma kwana a gonakin dabino na Ƙuba, yau gindin wannan katanga, gobe waccan. Burinsa ɗaya ya rage a duniya, kuma ba ya ɓoye shi: ya mutu a Madina a sa shi a maƙabartar Baƙi'a.

Da na zo ƙasar, na yi wata da watanni ina cigiyarsa a Ƙuba, ashe yana nan ƙarƙashin hancina, a bayan sansanin wani kamfanin gine-gine da nake wucewa kullum.

Ga wanda bai san garin ba, Madina tana da iyaka. An kafa alluna a kan hanyoyi, wanda ba Musulmi ba ba ya wuce su. Filin jirgi da sansanonin kamfanoni duk suna waje. A wannan sansani akwai wani kafinta, Malam Bulus, Kirista mutumin Filato, wanda kamfanin ya taho da shi daga gida. Shi da 'yan uwansa Kiristoci kaɗan suna haɗuwa a ɓoye ranar hutu su yi addu'arsu, kowa ya ajiye abin da ya samu. Da wannan suka kafa rumfar katako a bayan ma'ajiyar kaya, suna tara mazan da ba su da wurin kwana. Aikin da ake ba su shi ne zare ƙusoshi daga falankan da aka gama zubin siminti da su, a kankare, a ƙera benci da akwati da 'yan kujeru a sayar. Wanda hannunsa ya faɗa, a nema masa wurin kafinta a cikin gari. Kawu ya je jujin sansanin tsintar guntayen itace ne, Bulus ya ji shi yana mita da Hausa, daga nan suka san juna.

Raina bai so ba da na ga Kawu a can, kuma na faɗa masa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ka sauka jiya, ina kake lokacin da nake rabon tabarma da karnuka? Mutumin nan bai taɓa ce mini in bar salla ba. Duba can, shi ya auna mana alƙibla ya buga katako."

Gaskiyarsa. Kawu ya yi ƙiba, yana da riga biyu, yana da hama tasa, har yana faɗa da masu lanƙwasa ƙusa. Ni kuwa ɗakin da nake mu shida ne, kuma kafilina, wato Balaraben da takardata take hannunsa, ya riga ya gargaɗe mu cewa duk wanda ya kwanar da marar iƙama, wato takardar zama, su biyu za a kwashe. Dole na bar shi a can.

Alamun ciwon sigar sun daɗe da fitowa, mu ne ba mu san su ba. Kawu ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, muka ce zafi ne. Ya riƙa zagayawa ba iyaka, muka ce tsufa ne. Tururuwa ta riƙa taruwa a inda ya yi fitsari, muka yi dariya. Wata Juma'a yana alwala, Bulus ya ga jini a cikin takalminsa. Aka juya takalmin, sai ga ƙusa ta huda shi ta shige ƙarƙashin babban yatsa na ƙafar hagu. Kawu ya rantse bai ji komai ba, bai ma san ranar da ya taka ta ba. Wannan rashin jin zafin shi ne ya tayar wa Bulus da hankali, ni kuwa a lokacin har cewa na yi ƙafar da ta tako Sudan ai ta fi ƙarfin ƙusa.

A cikin abokan addu'ar Bulus akwai Toma, Ba'indiye, ma'aikacin jinya a ɗakin shan maganin kamfani. Ya gwada fitsarin Kawu, ya girgiza kai ya ce "sukkar", wato siga. Ya hana shi shayi mai zaƙi da dabino, ya ba shi ƙwayoyi, kullum da yamma ya zo ya wanke ciwon ya naɗe. Bai tambayi takarda ba, bai karɓi ko sisi ba. Makonnin farko abin ya yi kyau. Bakin mikin ya fara haɗewa, Kawu yana zaune da ƙafa a kan akwati yana ba da umarni.

Ana nan sai wani tsoho a rumfar, Mamman mutumin Damagaram, ya kwanta da rana bai tashi ba. Gawa ba ta ɓoyuwa. Dole aka kira hukuma, aka ce an tsince shi ne a bakin hanya, mota ta zo ta ɗauke shi. Har yau ban san inda aka binne shi ba. Mai yiwuwa Baƙi'a aka kai shi, amma ba wanda ya gani, kuma abin da ba a gani ba shi ya cinye Kawu. Ya daina cin abinci sosai. Ya riƙa zama yana kallon hanyar gari.

"Sa'idu, ka ga allon can?" in ji shi wata rana. "Ban tako ƙasa daga Gumel don in mutu a bayansa ba."

Bulus ya roƙe shi. Ya ce, "Baba Ila, ka bari ciwon ya rufe tukuna. In ka shiga ciki, ni da Toma ba mu da ikon bin ka."

"Kafinta, ka yi mini abin da ɗan cikina zai yi. Amma ba ka da maganin wannan."

Washegari ya ɗaure kayansa, ya bar hamarsa a kan benci.

Gidan Hajiya Asabe, ƙanwar marigayiyar matarsa, ya nufa a Ƙuba, can cikin iyaka. Mace ce mai kirki da baki, an haife ta a ƙasar, Hausarta rabi Larabci ce. Shekarun da yake kwana a gonaki ba ta san inda yake ba, in ji ta. Ta share masa ɗakin ajiyar gawayi a tsakar gida, ta sa masa katifa. Ina gode mata har gobe, ina kuma jin haushinta har gobe, duka biyun suna nan ba wanda ya kori wani.

Dabarar da muka fara ita ce ta iyaka. Akwai wata hanyar ƙasa da ta ratsa baƙaƙen duwatsu, ba shinge, sai ginshiƙi da allo. Nakan ari a-kori-kura in ɗauko Kawu, Bulus da Toma su jira mu a ɗaya gefen. Kawu ya ƙi a tsallaka da shi ko taku ɗaya. Sai mu shimfiɗa tabarma a gindin ginshiƙin, ya zauna jikinsa a ciki, ya miƙa ƙafar waje, Toma ya durƙusa ya wanke. Wai ko da mutuwa ta zo a lokacin, ta tarar da mafi yawansa a Madina. Mukan yi dariya, amma idon Bulus yana kan hanya, domin motar 'yan sanda ta fara yawan zagaya wajen tun rasuwar Mamman. Wanki kuma da ake yi kullum ya koma sai ranar da na samu mota.

Maganar ta isa kunnen Hajiya. Da na je ɗaukarsa, na tarar da ita tsaye a ƙofa.

"Ya waladi, haram alaika. Ga garin Annabi, ga zamzam, ga ajwa, ka ɗauki dattijo ka kai wa Nasara su shafa shi? Kalas, ba ya fita."

"Hajiya, likitan ya ce siga ne. Dabino yana ƙara masa."

"Dabinon Madina ne zai cuci mutum? Ka ji tsoron Allah. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

Kawu yana jin mu daga ciki. Na san ya gaji da jijjigar mota, kuma maganarta ta yi daidai da abin da zuciyarsa take so.

Daga nan gidan ya zama kasuwar magani. Duk wanda ya zo gaisuwa da nasa. Da safe ajwa, da rana zuma cokali-cokali, da yamma shayi mai kauri saboda wai ya rame. Aka shafa man habbatus sauda, aka barbaɗa garin lalle, wani ɗalibi ya kawo rubutu. Ba na raina ko ɗaya daga cikin abubuwan nan, masu albarka ne. Amma mai siga da miki a ƙafa, ba a ɗura masa zaƙi da sunan albarka. Ƙwayoyin Toma kuwa, na tarar da su a kan taga rana ta narkar da su. Abin da na iya shi ne in karɓo auduga da bandeji a wurinsa, ya kwatanta mini da hannu, in zo in yi yadda na gane. Albashina kusan duk a hayar mota da kantin magani ya ƙare a watannin nan.

Mikin ya buɗe, ya yi zurfi, ya fara ruwa. Ƙafar ta kumbura har idon sawu tana sheƙi. Sai aka ba Hajiya labarin wani Balaraben ƙauye a Khaibar mai sakiya. Ina wurin aiki, lokacin saukar alhazai ne ba a ba da hutu, suka sa shi a mota suka yi wannan doguwar tafiya. An ƙona ƙarfe an ɗana masa a wurare uku. Hajiya ta dawo tana murna wai ko motsi bai yi ba, jarumi ne. Da na faɗa wa Toma, ya dafe kai ya daɗe bai ɗago ba.

Bayan Khaibar ne warin ya fara. Duk wanda ya yi jinyar irin wannan ciwo ya san shi, ba ya kama da komai, kuma turaren wuta ba ya rufe shi. Masu gaisuwa suka koma tsayawa daga ƙofa. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi. Kowace safiya in na kwance bandeji sai in ga baƙin ya ɗan hau sama. Ƙudaje suka san ɗakin.

Na je na sami Bulus a rumfa yana fiƙe wani katako. Ya saurare ni har na gama.

"Abin ya wuce Toma," in ji shi. "Sai babban asibiti."

"Malam Bulus, ka san abin da asibiti yake nufi. Za su yi masa magani, su miƙa shi ga masu tarhil." Tarhil shi ne a mayar da mutum ƙasarsu.

"Na sani. Ni dai a wurina rai ya fi. Amma ba kawuna ba ne, kuma Baƙi'a ba abin da zan auna maka ba ne. Abin da Toma ya ce in faɗa maka shi ne, in baƙin ya kai gwiwa, ba sauran zaɓi. Muna yi masa addu'a, in ba za ka ji haushi ba."

Na ce ba zan ji ba.

Na kai wa Kawu maganar yadda take, ban rage komai ba. Ya kama hannuna, tafinsa da zafi kamar an ɗauko dutse daga rana.

"Ka bar ni. Saura kaɗan. Ka ga na kusa samun abin da na zo nema, kada ka zama kai ne za ka tare ni a bakin ƙofa. Ka yi mini alkawari."

Ban yi ba, ban kuma ce a'a ba. Gaba kura, baya sayaki. In na bar shi, na zuba ido wan uwata yana ruɓewa da ransa. In na kai shi, na raba shi da abin da ya ba da rayuwarsa gaba ɗaya dominsa. Na tambayi wani malami ɗan ƙasarmu da ke karatu a jami'a, ya ce neman magani umarni ne, kuma ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikinsa ne ke tsarkake shi. Na kai wa Kawu wannan ma. Ya ce malamin yana da iƙama.

Zazzaɓi ya rufe shi a makon da ya biyo. Ya daina gane mutane, yana kiran sunan matarsa, yana tallar ruwa. Baƙin ya wuce idon sawu. Ran nan da hantsi na naɗe shi a bargo na ɗauke shi, bai fi nauyin akwatin alhaji ɗaya ba. Hajiya ta biyo ni har bakin mota tana kuka tana cewa na ci amana. Amma ita ce ta riƙe kansa a cinyarta har asibiti.

Mun yi zaman layi daga hantsi har bayan la'asar. Mai rubuta suna ya ce iƙama, na ce babu, ya ce in koma gefe. Na koma gefe, na dawo, ya sake kora ta. Warin ne ya yi mana hanya a ƙarshe, domin mutanen da ke kan benci sun tashi sun bar mana shi, har wani likita Bamisire da ke wucewa ya tsaya ya ɗaga bargon. Kalma biyu ya faɗa waɗanda ba su bar kunnena ba har yau: "Gargarina. Batar." Wato naman ya mutu, sai yankewa. Ya daka wa mai rubutun tsawa, ya ce a shigar da shi, takarda ta biyo baya. Ya kuma juyo kaina ya wanke ni tas, wai ina muke tun tuni. Allah ya saka masa da alheri, har faɗan nasa. Ni na sa hannu.

An yanke ƙafar ƙasa da gwiwa kaɗan. Washegari aka miƙo mini ita a naɗe da farin ƙyalle, tare da takardar izinin binnewa. Abin da ya ba ni haushi ya kuma ba ni dariya, ƙafar ta samu takarda, mai ita bai samu ba. Na rungume ta na kai Baƙi'a. Wani mai haƙa ya karɓa ba tare da tambaya ba, da alama ya saba, ya tona rami a gefe ya sa ta ya mayar da ƙasa. Na tsaya ban san addu'ar da ake yi wa ƙafa ba, sai na yi wa mai ita.

Kawu ya farfaɗo a hankali. Zazzaɓin ya sauka, allurar siga ta karɓe shi, ya fara cin abinci. Amma duk lokacin da na shigo sai ya juya fuskarsa bango. Hajiya yake yi wa magana, ni a'a. Jami'i ya zo ɗaukar bayani, ya tambaye shi inda yake zaune shekarun nan da wanda yake ciyar da shi. Kalma ɗaya ta isa a rushe rumfar a kwashe Bulus da Toma da duk mazan da ke cikinta. Kawu ya ce a gindin dabino yake kwana, Allah ne ke ciyar da shi. Aka juya tambayar ta kowace fuska, bai ƙara ko harafi ba.

Bulus ya sa na auno masa tsawon Kawu daga hammata zuwa ƙasa da igiya. Ya ƙera sanduna biyu na dogarawa, ya naɗe kansu da soso da fata. Bai samu ya gan shi ba, asibitin yana cikin iyakar da ba ya iya wucewa.

To, mai karatu, ga abin da na sani. Tsohon da ke yawan shan ruwa da yawan fitsari, a gwada shi. Ƙafar da ba ta jin ƙaya ba ƙarfi gare ta ba, mutuwa ta fara. Kada a sa mata wuta, kada a jira wari. Wanda kuma ya iya wanke ciwo, a bar shi ya wanke, ko daga ina ya fito.

Ranar da za a tafi da shi Jidda tare da sauran 'yan tarhil, aka ba ni izinin in raka shi bakin mota. Doguwar bas ce mai waya a tagogi, cike da mutanenmu. Ya dogara sandunan yana tsalle kaɗan-kaɗan, ya ƙi in taɓa shi. Da ya isa matakala ya tsaya, ya dubi wajen da hasumiyoyin masallaci suke, ya daɗe. Sannan ya yi mini magana, karo na farko tun da ya farka.

"Ka gaida Kafinta. Ka ce sandunan sun yi daidai."

"Zai ji, Kawu."

"Ina kuka kai ta?"

"Baƙi'a. Da hannuna na kai ta, a gabana aka rufe."

Ya gyaɗa kai a hankali. Idonsa ya kawo ruwa amma bai bari ya zubo ba.

"Ita ta yi tafiyar, ita ta samu. Ba ta ci haƙƙin kowa ba." Ɗan sanda ya taɓa kafaɗarsa, ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. "Sa'idu, na san don Allah ka yi. Ina roƙonsa ya yafe maka. Ni dai ban iya ba tukuna."

Ya miƙa wa wani sandunan, ya hau matakalar da hannu da gwiwa. Ya rayu shekaru a Gumel a ɗakin mahaifiyata, a can ya rasu, a can aka binne shi. Duk wanda ya zo daga gida ina tambayarsa ko Kawu ya ba da saƙo gare ni. Ba wanda ya taɓa kawowa.